Tsohon Jini

Ranar da jini ya fara ɗigo wa Maman Biyu, mutum ɗaya ce ta yi murna a gidan, kuma ba mai jinin ba ce. Yaya Babba, yayar mijinta, ita ta tsamo zanen daga bokitin wanki, ta kai shi bakin taga ta ƙare masa kallo kamar mai shirin sayen atamfa.

"Alhamdu lillahi!" ta ce. "Ku gan shi baƙi ƙirin. Ban gaya muku ba? Tsohon jini ne ya fara fita."

Maman Biyu tana zaune a bakin kekenta na ɗinki, hannu ɗaya a kan rigar da take haɗawa, ɗayan dafe da mararta ta dama. Ta yi murmushin yaƙe don kada a ce ba ta gode ba. A ranta kuwa tsoro ne fal. Ta san al'adarta tun tana budurwa, ta san launinta da yadda take zuwa, kuma wannan abin ba ita ba ce. Ɗigo ne baƙi-baƙi, ya zo ya ɗauke, ya sake zuwa, ga wani ciwo da ya tsaya a gefe guda yana tsikarinta.

Abin ya samo asali ne daga allura. Da tiyata aka ciro mata 'yan biyunta, ta sha da ƙyar, likita ya ce ta huta sosai kafin wani ciki. Sai ta shiga allurar tazarar haihuwa, da sanin mijinta. Allurar ta ɗauke mata al'ada, kuma nas ta riga ta gaya mata cewa hakan yana faruwa, ba cuta ba ce. Ana zaune lafiya har mijin Yaya Babba ya rasu, ta tattaro kayanta ta dawo gidan ƙanenta. Ita kuwa Yaya Allah ya yi mata ido. Ba ta daɗe ba ta lura cewa matar ƙanenta ba ta taɓa fashin salla.

Ta tsare ta ita da mijinta a falo ta ce, "To jinin ina yake zuwa? Ƙasa ce ta shanye shi? Yana nan a ciki yana taruwa, yana ruɓewa. Haka aka yi wa wata a unguwarmu, sai da cikinta ya kumbura kamar randa."

Mijin, mai gyaran firij ne, 'yan layinsu suna kiransa Injiniya, shi ma yana amsawa da ƙarfinsa. Duk abin da ke duniya sai ya kwatanta shi da firij kafin ya gane. Ya gyaɗa kai ya ce ai ko firij, in bututu ya toshe, ƙarshensa ƙonewa. Daga ranar ya hana allura. Da Maman Biyu ta tambaye shi a ɗaki me za su yi a madadinta, ya ce ta tambayi Yaya. Yaya ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Ke yarinya, macen da ba ta ga al'ada ba, ta ina ciki zai shiga? Sai ƙofa ta buɗe tukuna. Ni da na haifi tara kike tambaya."

Watanni suka wuce, al'ada ba ta dawo ba. Kullum Maman Biyu sai ta duba, kullum babu. Ta rasa wanda za ta fi jin tsoro, zuwan jinin ko rashin zuwansa. Sai ga wannan ɗigon, tare da abubuwan da ba ta gaya wa kowa ba: nonuwanta sun yi nauyi, kuma warin man keke, wanda ta saba da shi shekara da shekaru, ya fara tayar mata da zuciya.

Da yamma Injiniya ya dawo, ya wanke baƙin man hannunsa a tsakar gida, ya zauna cin abinci. Ta durƙusa kusa da shi, ta rage murya.

"Baban Biyu, ina son in je asibiti gobe. Marata tana ciwo."

"Ba Yaya ta ce tsohon jini ne ba?"

"Ta ce. Amma gefe ɗaya yake yi min."

"To ai ta gefe ɗaya zai fara. Ba ya fita gaba ɗaya." Ya kai loma, ya ɗaga murya don ta cikin ɗaki ta ji. "Yaya, wai gefe ɗaya yake yi mata."

"Nan ne ya fi daskarewa," in ji Yaya daga ciki. "In ta je asibiti yanzu, wata allurar za su danna mata su mayar da shi. A bar shi ya fita."

Injiniya ya buɗe hannu, alamar kin ji da kunnenki. Ba mugu ba ne irin wanda ake ba da labari. Bai taɓa ɗaga mata hannu ba, ba ya barin gidan babu cefane, yana ɗaukar 'yan matansa biyu a kafaɗa yana yi musu kukan mota. Abin da ba ya so a duniya shi ne rigima, kuma ya gano tun yana yaro cewa hanya mafi sauƙi ta kauce mata ita ce ya ce Yaya ta fi kowa gaskiya.

Washegari Maman Biyu ta ce zarenta ya ƙare. Ta fita, ta wuce shagon mai zare ba ta ko waiwaya ba, ta shiga kemis ɗin da ke bayan tashar mota, inda ba a san ta ba. Sai da mutane suka ragu sannan ta matso, ta nemi tsinken gwajin ciki da muryar da ita kanta da ƙyar ta ji. Mai kemis ya naɗe mata a takarda, ya ce ta yi da fitsarin safe. Ta juya za ta tafi, ta dawo.

"In mace tana da ciki, kuma tana ganin jini kaɗan-kaɗan fa?"

"Da ciwo?"

"Gefe ɗaya."

Ya ajiye abin da ke hannunsa ya dube ta. "Wannan ba na kemis ba ne. Ki ce mata ta je asibiti, kada ta tsaya jira."

Kallon da ya yi mata shi ya raka ta har gida. Ta ɓoye tsinken a cikin akwatin maɓallai. Da gari ya waye ta shiga banɗaki ta kulle, ta yi yadda aka ce, ta tsuguna tana kallon ɗan tsinken a kan murfin bokiti. Layi ɗaya ya fito. Ta fara sauke ajiyar zuciya ke nan, sai na biyu ya biyo baya, siriri, dishi-dishi, amma yana nan. Ta tuna fitilar ɗakin tiyata, da sanyin gadon ƙarfe, da muryoyin da ta riƙa ji sama-sama suna cewa a ƙaro jini. A waje 'yan biyu suna buga ƙofar da tafin hannu suna kiran mama.

Da ta san abin da zai biyo baya, da daga banɗakin ta zarce asibiti. Amma ta yi tunanin duk mai hankali in ya ga layi biyu, ga kuma jini, zai ɗauke ta da kansa. Ta kai wa mijinta tsinken yana ɗaura igiyar takalmi.

Fuskarsa ta washe. "Ciki? Allahu akbar! Yaya! Yaya, zo ki gani!"

"Baban Biyu, tsaya ka ji. Ciki da jini ba sa tafiya tare. Mai kemis ya ce..."

"Wane mai kemis?" Yaya ce a bakin ƙofa, da carbi a hannu. "Ashe zaren da aka je saye ke nan."

Ta karɓi tsinken ta juya shi. Wani zai zaci kunya za ta kama ta, ita da ta rantse ciki ba ya shiga sai ƙofa ta buɗe. Ko gezau. Nan take ta gyara zancen: ai ikon Allah ke nan, ɗan ne yake ture tsohon jinin don ya samu wurin kwanciya, ciwon kuma na turawar ne. Ita ma ta yi haka a cikinta na huɗu, ko na biyar.

Maman Biyu ta ce, "Yaya, don girman Allah, a duba ni kawai. Hoto za su yi, su ga ko yana zaune daidai."

Yaya ta dube ta sama da ƙasa, sannan ta juya ga ƙanenta ta sassauta murya, irin sassaucin da ya fi ihu cutarwa.

"Ɗan'uwana, ka buɗe idonka. Matar da ta yi ta allura don kada ta haihu, ta saci jiki ta je kemis, yau ta ga ciki ta fara kukan asibiti. Me kake zaton za ta je yi? Tana shiga ɗakin nan za ta ce musu ɓari ne, su wanke mata. Ka dawo ka tarar da wayam."

"Wallahi ba haka ba ne!"

"Ni ban ce komai ba," in ji Yaya. "Gidanka ne."

Injiniya ya dubi matarsa, ya dubi yayarsa, ya dubi agogo. Ya ce akwai firij ɗin wani mai sayar da kifi da ke jiransa, kaya za su lalace. Ya ce a bari cikin ya yi ƙwari, shi da kansa zai kai ta awo. Kafin nan ta kwanta ta huta, kada ta fita ko'ina. Ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya fice da sauri.

Kafin azahar takalman Maman Biyu sun ɓace daga bakin ƙofa. Mayafanta suka koma cikin akwatin Yaya, wai za a wanke. Wayarta ma Yaya ta karɓa, ta ce mai ƙaramin ciki ba ta son hayaniya. Sannan ta jawo tabarma ta shimfiɗa a bakin ƙofar fita, ta zauna da tiren tsintar shinkafa. Ko banɗaki Maman Biyu ta shiga ta daɗe, sai ta ji an ƙwanƙwasa.

Kwanakin da suka biyo baya, ciwon ya daina tsikari ya koma murɗa. Yakan zo ya naɗe ta har ta ciji filo, ya sake ta jiƙe da gumi. Yaya ta dage da jinya, wannan kam ba za a tauye mata haƙƙi ba. Ta dafa ruwan zafi, ta tsoma tawul tana gasa mata marar, tana dannawa da ƙarfi daidai inda ke ciwon. Ta jiƙa saiwoyi masu ɗaci ta tsaya a kanta sai ta shanye. In maƙwabta suka leƙo, sai ta tare su a ƙofa ta ce laulayi ne, kun san yaran zamani da raki.

Injiniya yana dawowa da ƙwayar ciwon kai da lemo a leda. Yakan tsaya a bakin gado ya ce, "Ya jikin? Da sauƙi ko?" Kafin ta amsa ya riga ya amsa wa kansa, "Da sauƙi, in sha Allahu."

Wata safiya ta kama gefen rigarsa. "Baban Biyu, kafaɗata ma ta fara. In na kwanta kamar ana soka min abu a nan. In na miƙe jiri nake gani."

"Kafaɗa kuma? Me ya haɗa kafaɗa da mara? Kwanciya ce ta yi miki yawa."

"Ka tafi da ni kai da kanka. Ka shiga ɗakin likita tare da ni, ka tsaya a kaina, kada ka bari su taɓa ni in ba ka yarda ba. Ni mutuwa nake tsoro. Wa zai riƙe min yaran nan?"

Idonsa ya kaɗa, ta ga alamar ya kusa. Sai tari ya fito daga tsakar gida, tarin Yaya, guda ɗaya. Ya zare rigarsa daga hannunta a hankali.

"Ki daina ambaton mutuwa da sassafe. Bari in gama aikin makon nan."

Bayan ya fita ta kwanta tana kallon silin. 'Yan biyu suka hau gadon, ɗaya tana ja mata ɗankwali, ɗaya tana cusa mata guntun burodi a baki. Ta lura da tafin hannunta ya yi fari fat, ta kifa shi don kada ta ƙara gani. Ta ji tsoron rufe ido.

Da hantsi aka yi sallama da ƙarfi. Malama ce, mai koyarwa a makarantar firamare ta bayan layi, wadda ta kawo ɗinki tun kafin a fara wannan abin. Ta kira waya ta gaji, yau ta zo da faɗanta. Yaya ta ce mai ɗinki ba ta da lafiya, Malama ta ce to a ba ta yadinta ta kai wani wuri. Yaya ba ta san wanne ba ne a cikin tarin yadin, dole ta bar ta ta shiga, ta biyo ta a baya.

Maman Biyu ta dafa bango ta miƙe. Ɗakin ya juya mata, ta daure. Ta ce rigar ta kusa, saura ta sake gwada kafaɗa. Ta ɗauki tef ta zagaya bayan Malama, ta kai bakinta daidai kunnenta.

"Ciki gare ni, ina zubar da jini. Sun hana ni asibiti. Ki taimake ni."

Malama ta juyo da sauri. Sai a lokacin ta dubi fuskar sosai, ta ga leɓɓan sun yi fari, gumi yana tsattsafowa a goshi. Ta buɗe baki za ta yi magana, Maman Biyu ta ji wani abu ya tsinke a cikinta, ciwon da ya shafe duk na baya. Tef ya suɓuce. Ta bi jikin keken ta sulale ƙasa.

Sama-sama take jin su. Yaya tana cewa a kawo ruwa a yayyafa mata, yunwa ce, ba ta cin abinci. Malama tana ihu a bakin taga a tsayar da tasi. Yaya ta ce babu inda za a kai matar aure ba da izinin mijinta ba, a jira ya dawo.

"Izini?" in ji Malama. "Baiwar Allah, ki matsa min daga ƙofar nan, ko in tara miki unguwa yanzu. In ta mutu a ɗakin nan, ni ce shaida, kuma har gaban alƙali sai na faɗa."

Kalmar alƙali ce ta matsar da Yaya, ba fuskar da ke ƙasa ba. Aka ɗauki Maman Biyu ƙafa babu takalmi, Malama ta rufa mata nata mayafin. A cikin tasin kanta yana kan cinyar matar da ba ta haɗa komai da ita ba sai ɗinki, tana jin ana marin kumatunta ana cewa kada ki yi barci, kira sunan yaranki. Ta yi ta ƙoƙarin kira, harshenta ya ƙi.

Ta farka ta ga ledar jini rataye a samanta, cikinta a ɗaure. Likita mace ce, ta zo ta tsaya a gefen gado ta yi bayani a gaban kowa. Cikin bai zauna a mahaifa ba, a bututun ƙwai ya tsaya, ya girma har ya fasa shi, jini ya cika mata ciki. Sun cire bututun dama. Da an kawo ta tun ranar da ta fara ganin ɗigo, da wataƙila ba a kai ga haka ba. Da kuma an ƙara jinkiri kaɗan, da ba a gado za su same ta ba.

Maman Biyu ta juya ido ta dubi mijinta. Ba wani abu take jira ba, kalma ɗaya ce ta ban haƙuri.

Injiniya ya share hawaye, ya ce Allah ya ƙaddara, babu wanda ya isa ya hana. Ya ce shi dama ya yi niyyar kawo ta ƙarshen mako. Yaya, da kwanon abinci a cinya, ta ce ita tun farko abin da take gudu ke nan, allurar nan ce ta karkatar da hanyar, shi ya sa ɗan ya ɓata. Likita ta ce ba allura ba ce. Yaya ta ce to, ku ne masu karatu, ta kau da kai. Da dangi suka zo dubiya, labarin da suka tarar shi ne Yaya ta yi ta fama da jinya ba dare ba rana, kowa ya yi mata sannu. Malama kuwa aka ce ta cika shiga sharo ba shanu a gidan mutane.

Likita ta juya za ta fita, Injiniya ya bi ta har bakin labule, ya rage murya. Labule ba bango ba ne, matarsa tana ji.

"Likita, to ɗaya bututun fa, yana aiki?"

"Yana nan lafiya. Amma sai ta huta. Dole a yi mata tsarin tazarar haihuwa kafin ta koma gida."

"A'a, ba sai an yi mata komai ba. Mun ga abin da ya jawo. Za mu kiyaye da kanmu."

Daga kan kujera Yaya ta ce, "Ai yanzu an wanke ta tas. Tsohon jini ya fita duka. Na gaba lafiya lau zai zauna."

Babu wanda ya tambayi mai gadon. Ta kwanta tana jin su suna shawarar wane ɗaki za ta koma, da wanda zai riƙa kwana kusa da ita don kula.

Da aka ce gobe za a sallame ta, kowa ya yi hamdala. Injiniya ya tafi neman mota, Yaya ta fita alwala. Nas ta zo cire mata robar ƙarin ruwa da ke hannunta, sai ta ji an riƙe mata wuyan hannu, riƙon da bai yi kama da na marar lafiya ba.

"Sista, don Allah ki ce musu ban isa tafiya ba. Ki bar ni in ƙara kwana."

Nas ta duba ɗinkin, ta taɓa goshinta, ta yi murmushi. "Haba, ke da kike da yara suna jiranki. Kada ki ji tsoro, ai kin warke."

Maman Biyu ta dubi ƙofar da za su shigo ta cikinta, ba ta saki hannun ba.

"Na sani," ta ce. "Shi ya sa."